Injin da ke zuƙe iskar kabon: ta yaya ake gane mai kyau?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare da ke Auyo a Jigawa. Ɗalibaina sun ji a rediyo wai Turawa sun ƙera injin da ke zuƙe iskar kabon daga sararin sama. Shin da gaske ne? Wani yaro ma ya tambaye ni ko injin zai iya shanye hayaƙin ɓuntun shinkafar da ake ƙonawa a bayan gari.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da gaske ne. A ƙasar Aislan kamfanin Climeworks ya buɗe tashar Orca a 2021, wadda aka tsara ta kama tan 4,000 na iskar kabon a shekara. Ana narkar da iskar a ruwa a tura ta cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, inda take zama dutse cikin kimanin shekara biyu. Sai dai duniya na fitar da sama da tan biliyan 35 duk shekara daga man fetur, gas da kwal. Ka ga kamar ɗebe ruwan Kogin Haɗeja da ludayi ne.

Wahalar tana cikin ƙarancin iskar. Ka sa ɗalibanka su jefa ƙwayar gero ɗaya cikin ƙwayar dawa 2,400, su cuɗa, su nemo ta. Haka kabon take a iskar da muke shaƙa. A bututun hayaƙin tashar lantarki mai aiki da kwal kuwa, kusan ɗaya ce cikin takwas, shi ya sa kamawa daga bakin bututu ta fi araha. Tun 1930 aka san ruwan wani sinadari da ake kira amin yana shanye kabon daga cikin hayaƙi, kuma tun 1996 ake binne kabon a wurin haƙar gas na Sleipner, ƙarƙashin teku a Norwe.

Sinadari ne ke shanye kabon a cikin irin wannan inji, amma mu a ɗakin gwaji, yawan abin da sinadarin ya sha bai cika burge mu ba. Muna cusa garinsa cikin siririn bututu, mu hura masa iska, mu zuba wa na'ura ido har lokacin da kabon ta fara ɓullowa ta ɗaya bakin. Nan ya ƙoshi ke nan. Daga nan jarrabawar gaske take farawa: wane irin zafi za a ba shi kafin ya saki abin da ya sha? Ruwan amin sai an dafa shi zuwa wajen digiri 120, kuma wannan dahuwar ce ke cinye kuɗin. Sannan a maimaita sau ɗari, sau dubu, a ga ko ya gaji. Na sha ganin garin da ya yi abin kirki a busasshiyar iska, ana sa masa laima ya zama hoto, don ruwa ya riga kabon cike ramukansa. Ziyolait, wani ma'adini mai ƙananan ramuka, na da wannan lalura. Akwai sababbin sinadarai masu ƙananan ramuka da ake kira MOF, waɗanda suka jawo wa Omar Yaghi da abokansa biyu kyautar Nobel a 2025, amma su ma ni ba na yi musu shaida sai na ga yadda za su yi da laimar damina da ƙurar hunturu.

Batun ɓuntu, yaron nan ya yi tunani. Ba inji zai nema ba, domin shinkafar da kanta ta riga ta zuƙo kabon daga sama tana girma, ƙonawa a fili ce ke mayar da ita. In aka gasa ɓuntun a durom mai murfi, iska kaɗan ke shiga, sai ya zama gawayi, wani kaso na kabon ya daskare a ciki shekaru aru-aru. Ku gwada a makaranta: ku auna nauyin ɓuntun kafin gashi da bayansa, ku kashe wutar da ruwa, ku cuɗa gawayin da takin dabbobi ya yi mako biyu kafin a kai shi gona.