Ka ƙirga jarinka da buhu kafin ka yi zancen masana'anta

Tambaya: Ni mai sayar da albasa ne a kasuwar Mile 12 a nan Legas. A 2022 na fara da jarin naira miliyan 2, yanzu ya kai miliyan 3 da rabi. Ina so in ci bashin banki in buɗe wurin busar da tumatir a Agege, in ɗauki samari aiki, tunda kullum ana cewa masu kafa sana'a ne ke ɗaga tattalin arzikin ƙasa. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai ban ga abin taya ka murna ba tukuna. Ka faɗa mini naira nawa ke hannunka, ba ka faɗa mini buhu nawa take saye ba, kuma nan ne matsalarka take.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Abin da miliyan 2 ke saye a 2022, yau ko miliyan 4 da wuya ta saye shi. Kai kana da uku da rabi, kana kiranta riba. Ina jin tsoron uwar kuɗi kake ci ba ka sani ba.

Na san wani bawan Allah a Alaba Rago, mai kawo raguna lokacin Layya. A da, tirela guda yake cikawa shi kaɗai. Bayan shekara biyu sai da suka haɗa mota da wani, daga baya ya koma kawo ashirin. Duk wannan lokacin kuɗin da ke asusunsa ƙaruwa suke yi, shi ya sa ya ƙara aure, ya tafi Umra, yana cewa daga riba ne. Yanzu dillanci yake yi wa yaran da ya koya wa sana'ar, yana jiran la'ada. Ba wanda ya cuce shi, ƙirga ce bai iya ba.

To kai ma zauna ka yi wannan lissafin. Buhu nawa jarinka ke saukewa a Mile 12 a kakar 2022, bayan ka cire kuɗin mota, lodi, 'yan dako, harajin hanya da abin da ya ruɓe? Buhu nawa yake saukewa a kakar bana? Kaka da kaka za ka gwada, kada ka haɗa lokacin da albasar Aliero ta jihar Kebbi ta cika kasuwa da tsakiyar damina da take tsada. Idan ba ka da inda ka rubuta waɗannan, to ka ga abin da nake nufi.

Maganar busar da tumatir a Agege kuwa, ka sake tunani. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na tumatir ruwa ne. Wato za ka biya tirela ta ɗauko maka ruwa tafiyar kusan kilomita 1,000, sannan ka sayi gas ka zuba wa janareto don ka kore shi, a garin da iskarsa ma jiƙaƙƙiya ce. Mata a ƙauyukan Kano da Katsina kyauta rana ke yi musu kauɗa. Ko kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa a jihar Kano, a tsakiyar gonaki, an buɗe shi a 2016 ya tsaya a shekarar saboda tsutsa ta cinye amfanin gona. Shi yana da kafaɗar ɗaukar wannan asara. Kai kuma da kuɗin ruwa na kusan kashi 30 a wuyanka, wata nawa za ka jure?

Niyyarka ta ɗaukar samari aiki mai kyau ce, kuma gaskiya ne ƙananan sana'o'i ne ke riƙe da yawancin 'yan ƙasar nan. Amma ai kana yi tun yanzu: manomi a Kebbi, direba, mai dako, mai kasa albasa a Ketu, duk suna ci daga buhunanka. Ranar da buhunan suka ragu, abincinsu ne ya ragu.

Ka sayi littafi, ka yanka wa kanka albashi na wata, kuɗin cefane da na biki duk su fito daga ciki. In ka yi kaka biyu a jere buhunanka na ƙaruwa, ka dawo da littafin mu duba zancen kauɗa, amma a Arewa za a busar, Legas ta zama wurin sayarwa.