Amsoshin Tambayoyinku: Inshorar Lafiya

Wani mai shago a Sabon Gari ya tambaya: "Idan na biya kuɗin inshora, shekara ta ƙare ban yi ciwo ba, za a dawo mini da kuɗina?"

A'a, Malam, ba adashi ba ne. Kuɗinka sun yi wa wani magani, kai kuma ka gode wa Allah da ya ba ka lafiya. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta mayar da tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, zuwa hukumar NHIA, ta ma wajabta shiga ga kowa.

Wata baiwar Allah daga Tudun Jukun ta ce mijinta ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, su biyu ne matansa, yara bakwai, kuma an ce katin bai ɗauke su duka ba. Hankalinta ya tashi.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Tsarin ma'aikata yana ɗaukar miji da mata ɗaya da 'ya'ya 4 da ba su kai shekara 18 ba. Sauran ana yi musu rajista da ƙarin kuɗi. Ki lallaɓa maigida ya yi hakan yanzu, tun babu wanda ke kwance, domin kati ba ya fara aiki ranar da aka yi rajista.

Wani matashi daga Samaru kuwa cewa ya yi kowa na kukan in ka je asibiti da kati sai a ce babu magani, don haka shi gara ya riƙa zuwa kemis.

Kukan nan gaskiya ne, ni ma ina jin sa kullum, kuma haƙƙinka ne ka kai ƙara ofishin NHIA, ko hukumar KADCHMA idan na jihar Kaduna ka shiga. Amma kemis? Nan ne raina ke ɓaci. Mutum ya ji zazzaɓi, babu gwaji, babu likita, a ƙulla masa ƙwayoyi kala-kala a leda, wasu babu ko lambar NAFDAC, wasu sun sha rana a baro har sun lalace. Ya sha, ciwo ya lafa kwana biyu, ya dawo da ƙarfi. Ranar da aka kwashe shi zuwa asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, sai ka ji ana cigiyar mai sayen gona ko babur. Mai kati kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai yake biya. Kuma mu da ke cewa babu halin biya, mu ne muke ɗinka anko uku a biki ɗaya, a ci bashi a yi dina!

Sai dai ka kula: kada ka miƙa wa wani kuɗi a majalisa don ya ce shi wakilin inshora ne. Ka taka da ƙafarka zuwa ofis, ka karɓi rasit, ka tambayi cututtukan da katin bai ɗauka ba, sannan ka zaɓi asibiti mafi kusa da gidanku, domin daga can ne za a tura ka babban asibiti idan ciwo ya fi ƙarfinsu.