Kan buɗe bindiga kafin a miƙa ta

Ɗana, na ga saƙonka, na yi dariya amma kuma gabana ya ɗan faɗi. Wai me ya sa tsofaffin mafarauta ba sa miƙa wa mutum bindiga sai sun buɗe ta sun leƙa, ko camfi ne, kuma tsakanin mai sakata da mai liba wacce ta fi. Camfi fa ka ce? Allah ya shirye ka.

Lokacin da nake kamar shekarunka ina bin wani dattijo daji, abokin kakanka ne, Baba muke ce masa. Bindigoginsa biyu. Ɗaya mai sakata ce irin ƙirar Mauser ta Jamus ta 1898, harsashi biyar take ci, ka ɗaga sakatar ka ja baya kwanso ya fita, ka tura gaba ka kwantar, haƙora biyun da ke kanta su kulle gam, shi ya sa take ɗaukar harsashi mai ƙarfi kuma ga saiti daga nesa. Ɗayar Winchester ce ta 1894 wadda John Browning ya tsara a Amurka, siririya mara nauyi, libarta na ƙasa bayan kunama, ka yi ƙasa da ita ka dawo shikenan wani ya hau. Ni ita nake so saboda sauri.

To ita mai libar harsashinta jere yake cikin wani bututu ƙarƙashin hancin bindigar, kan wannan na taɓa gindin wancan, shi ya sa ma ba a zuba mata mai tsinin kai, girgizar harbi na iya sa tsinin ya tada na gabansa. Kuma in za ka sauke ta sai dai ka yi ta jan liba suna fita ɗai-ɗai, cikin bututun ba ka gani.

Wata rana mun dawo magariba ta kawo kai, na gaji liƙis, na tsaya gindin wata bishiya na ja liba, na ja, na ja, har na ja biyu babu abin da ya fito. Na ce Baba ga ta babu komai. Bai karɓa ba. Ya ce nawa ka zuba? Na ce shida. Nawa ka harba? Ɗaya. Ya ce to ƙirga na ƙasa. Na tsuguna ina lalube cikin ciyawa, huɗu. Ya karɓa ya juya bakinta ƙasa, ya bubbuga gefenta da tafin hannu, ya ja libar, sai ga harsashi ya yi tsalle ya faɗo kan takalmina. Ashe ƙura da tsohon mai sun riƙe shi a bututun. Wallahi gwiwoyina rawa suka kama, don ƙanin Baba na tsaye daidai inda na nuna bakinta ɗazu. Baba bai daka min tsawa ba, harsashin ya sa min a hannu ya ce bindiga ba ta san mai ita ba, kuma gani ya kori ji. Har muka isa gida bai ƙara magana ba.

Daga ranar sai da na shekara ina riƙe mai sakata kawai, ita ko ka buɗe komai a fili yake, kana iya zare sakatar gaba ɗaya ka hango haske ta cikin hancinta. Cewa yake wanda bai iya ƙirga biyar ba ba a ba shi shida.

Ku yanzu a waya kuke koyo, ina ganin hotunan abokanka yatsa kan kunama ana murmushi, abin na damuna sosai. Maganar wacce ta fi kuwa, a daji mai duhuwa inda nama ke ɓullowa kusa mai liba na da daɗin hannu, sauran sai ka zo. In za ka taho kawo min wadda ka ce abokinka zai ara maka in duba bututunta tukuna.