Harantama da ƙashin yawo: magani ne ko ciyawar banza?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a yankin Funtuwa. Kakata takan murza ganyen harantama ta ɗiga mana ruwansa in mun yanke, jini kuwa ya tsaya. Yanzu wani ya ce in dafa ta da ƙashin yawo in sha don zazzaɓi. Ya halatta a likitance?

Amsa: Allah ya saka wa kaka da alheri, ba ta yi kuskure ba. Harantama, wadda masana tsirrai ke kira Tridax procumbens, ita ce mai ɗan furen nan rawaya a tsakiya, fari-fari a gefe, a kan dogon sili. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, haka ma ƙashin yawo mai 'ya'ya da ƙaya da ke maƙalewa a wando da jelar awaki. Su biyun dangin shuwaka ne da tazargade. Har a Indiya ana ɗiga ruwan harantama a sabon yanka, kuma gwaji a jikin dabbobi ya nuna tana taimaka wa rauni ya haɗe. In lauje ya ɗan kafce ka a gona, sai ka wanke wurin da ruwa mai tsabta tukuna, kuma kada ka tsinko ganye inda aka yi feshin maganin ciyawa. Yanka mai zurfi kuwa na asibiti ne, har da allurar tetanus.

Batun sha ne ban yarda da shi ba. Wasu daga cikin wannan dangi suna ɗauke da guba mai cin hanta a hankali, ba amai ba gudawa, sai bayan watanni ciki ya kumbura da ruwa. Akwai wata mai suna Ageratum conyzoides, furenta shuɗi-shuɗi ko fari, in ka murza ganyen sai ka ji warin bunsuru. A farkon shekarun 2000 ciwon hanta ya addabi wasu ƙauyuka a yankin Tigray na Habasha, aka rasa rayuka, bincike kuma ya danganta shi da wannan ciyawa da ke gauraya da hatsi lokacin girbi. Mutanen nan ba ma dafa ta suka yi da gangan ba. Ita ma ciyawar da ake kira Awolowo a kudu tana da irin wannan guba, duk da sunan da ta yi wajen tsayar da jini. Ƙashin yawo shi ma an gwada shi a kan dabbobi, ya taɓa musu hanta.

Na san za a ce ai daga tazargade aka samo maganin maleriya. Gaskiya ne, Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta ne suka tace sinadarin artemisinin daga wani nau'insa a 1972, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Amma tacewa aka yi, aka auna. Tukunya ba ta awo, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a sha shayin ganyen don maleriya ba.

In zazzaɓi ya kama ka, Malam, je a gwada jininka, gwajin ba ya wuce minti 20. Mai juna biyu da ƙananan yara kuwa, ko kurɓa kada su yi.