Fatawa: Ƙanina na fama da ciwon damuwa, ko ya halatta ya sha maganin da ke sa gane-gane?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Daga Jos nake rubutowa, a kan ƙanina mai shekara 27. Shekara biyu ke nan tun bayan rasuwar mahaifinmu ya canza gaba ɗaya. Ya daina buɗe shagonsa a Katako, ya daina zuwa majalisa, abincin da aka ajiye masa da rana nan za a tarar da shi da dare ko murfin bai ɗaga ba. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Mun kai shi asibiti sau ɗaya, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta masa ƙwaya. Ya sha sati uku ya ce ba ta yi masa komai ba, ya watsar. Yanzu wani abokinsa da ke karatu a Ingila yana turo masa bidiyo cewa Turawa sun gano wata irin laimar kwaɗi, shan ta sau ɗaya yana yaye damuwa, ya ce zai iya aiko masa da ita a cikin cakulan. Ni tsoro nake ji, domin muna da kawu da ya taɓa samun taɓin hankali. Amma kwanan baya na ji yaron ya ce gara masa mutuwa da wannan rayuwa. Malam, shin abin nan magani ne ko guba? Kuma ya halatta ya sha?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ƙaninki lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri, 'yar'uwa, da kika tsaya kika tambaya kafin kunshin ya iso.

Bai halatta ya karɓi wannan cakulan ya ci ba, kuma bai halatta abokin ya aiko ba. Amma ba zan ce miki duk abin da ke cikin bidiyon ƙarya ne ba. Idan na faɗi haka, ƙaninki zai buɗe wayarsa ya ga akasinsa, daga nan ya daina sauraron ki da ni gaba ɗaya.

Abin da ke cikin wannan laimar kwaɗi sinadari ne da ake kira silosaibin. Ɗan'uwan LSD ne, wata ƙwaya mai sa gane-gane, kuma mutum ɗaya ne ya fito da su fili, wani masanin haɗa magunguna ɗan Suwizalan mai suna Albert Hofmann: ya haɗa LSD a 1938, ya gano abin da take yi wa hankali a 1943, ya tace silosaibin daga laimar kwaɗi a 1958. Wanda ya sha yakan yi awa huɗu zuwa shida yana gane-gane, launuka suna motsi, lokaci ya rikice masa, wani ya ji farin ciki marar misali, wani kuma ya ji firgicin da bai taɓa ji ba. A 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin jerin abubuwan da aka fi tsananta wa doka, binciken ya kusa mutuwa, sai a shekarun nan ya farfaɗo.

Wani babban gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2022 ya ɗauki mutum 233 waɗanda damuwarsu ta ƙi jin magani. Aka ba wasu miligiram 25, wasu 10, wasu kuma 1 kacal don a gwada da su. Bayan sati uku, kashi 29 cikin ɗari na masu 25 alamun ciwon sun kau, a ɓangaren masu 1 kuwa kashi 8 ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai adalci zai yarda. Sai dai da aka kai sati goma sha biyu, mutum ɗaya cikin biyar na masu 25 ne kawai sauƙinsa ya ɗore. Fiye da kashi 70 sun yi fama da illoli irin su ciwon kai, tashin zuciya ko jiri, kuma an samu waɗanda tunanin kashe kansu ya taso musu. Kafin wannan, a 2021, masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan sun gwada silosaibin da wata ƙwayar damuwa ta yau da kullum a kan mutum 59, a babban ma'aunin da suka ɗora gwajin a kai ba a ga fifiko bayyananne ba. Akwai kuma wata matsala da su kansu masu binciken suke kuka da ita: a gwajin magani ana so kada majinyaci ya san ko na gaske aka ba shi ko na bogi, amma wanda bango ya fara rawa a gabansa ai ya san abin da ya sha. Don haka da wuya a tantance nawa ne aikin sinadarin, nawa ne aikin fata da zumuɗi.

Yanzu ki lura da abin da bidiyon ba ya nunawa. Waɗannan mutane an tace su kafin a ɗauke su. A gwajin 2022, sai wanda ya gwada magunguna biyu ko fiye yadda ya kamata suka gaza. Mai tarihin taɓin hankali, ko wanda yake da shi a danginsa na kusa, akan mayar da shi gida, saboda sinadarin yana iya tayar da abin da ke kwance. An auna musu abin da za su sha daidai da miligiram, an zauna da su kafin ranar, ƙwararru sun tsare su awa shida zuwa takwas a ɗaki, an ci gaba da ganin su bayan nan. Ƙasar Ostireliya ta buɗe ƙofar a Yulin 2023, amma ga likitocin ƙwaƙwalwa da aka ba izini na musamman kaɗai. Ina wannan, ina yaro shi kaɗai a ɗaki a Jos, ƙofa a kulle, da cakulan da babu wanda ya san abin da aka zuba a ciki?

Kuma da kanki kika ambaci kawunku. Wannan layin da kika rubuta a gurguje ya fi komai tsayar da ni a wasiƙarki.

Mu koma ga shari'a. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haram ce, Muslim ya ruwaito. Sayyidina Umar ya ce a kan mumbari: giya ita ce abin da ya lulluɓe hankali. Da Ɗariƙ ɗan Suwaidu ya ce shi don magani yake yin giya, Annabi ya amsa masa cewa ita ba magani ba ce, cuta ce. Da wannan malamanmu na Malikiyya suka rufe ƙofar yin magani da giya. Mai Risala ya ce ba a magani da giya, Shaihu Halil kuma ya halatta ta ga wanda aka tilasta da wanda loma ta shaƙe, amma ya ce ban da magani, ko da shafawa ce.

To amma shin kowane abu mai taɓa hankali hukuncinsa hukuncin giya ne ta kowace fuska? Nan ne Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan hijira, ya yi aikin da har yau muke cin moriyarsa a littafinsa Alfuruƙ. Ya raba su uku. Akwai muskir, mai gusar da hankali tare da annashuwa da jin ƙarfi, kamar giya. Akwai mufsid, mai dagula hankali ba tare da wannan annashuwar ta rinjaya ba, ya ba da misali da tsirran nan banju da saikaran. Akwai murƙid, mai ɗauke hankali da ji da gani baki ɗaya. Ya ce muskir ya keɓanta da abu uku: haddi, najasa, da haramcin ɗan kaɗan ɗinsa. Sauran biyun haram ne a sha abin da zai gusar da hankali daga cikinsu, amma ƙofar larura a buɗe take. Shi ya sa Ibn Farhun ya ce abin da ya bayyana shi ne halaccin shayar da mutum abin sa barci don a yanke masa gaɓa, domin cutarwar maganin an aminta daga gare ta, cutarwar gaɓar kuwa ba a aminta ba. Imam Nawawi ma ya faɗi makamancin haka a Shafi'iyya. Da wannan ne ake yi wa matanmu tiyata a fitar da jariri ba tare da wani malami ya ɗaga murya ba. Ibn Taimiyya ya saɓa wa Ƙarafi a kan wiwi, ya ce muskir ce tsaf, kuma hujjarsa tana da ƙarfi, domin ba a ga masu shan ta suna taruwa a kanta don wahala ba.

Mu a nan Arewa mun san mufsid da idonmu. Zaƙami ne, ɗan'uwan saikaran ɗin da Ƙarafi ya ambata, wanda ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba. Na taɓa zuwa duba wani yaro a unguwarmu da aka zuba wa shi a zoɓo a wajen biki. Yana zaune a tabarma, idanu a buɗe tar, leɓe a bushe, yana tsintar wani abu a iska yana zubawa a aljihu, yana hira da mutanen da ba sa ɗakin. Mahaifiyarsa tana kiran sunansa yana kallon bayanta. Sinadarin zaƙami daban ne da na laimar kwaɗi, kuma zaƙami ya fi saurin kisa, amma na kawo shi don ki ga abin da ake nufi da lalacewar hankali ba tare da an kira shi giya ba.

Abin da na fi karkata gare shi, silosaibin da LSD sun fi kusa da mufsid. Wanda ya sha don nishaɗi, ko don neman wani buɗi na ruhi kamar yadda wasu ke raya wa, ya aikata haram a kan kowace mazhaba, domin kiyaye hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsarewa, kuma ba a neman kusanci ga Allah da abin da zai hana mutum sanin abin da yake faɗa a salla. Don magani kuwa, asalin ƙofar ba a rufe take ba. Allah ya ce a Suratul An'am, aya ta 119, ya bayyana muku abin da ya haramta muku sai abin da larura ta tilasta ku gare shi. Amma larura tana da sharuɗɗa: ciwon ya zama mai tsanani, an bi hanyoyin halal sun gaza, likita masani amintacce ne ya yanke kuma shi zai tsaya a kai, zaton amfani ya rinjayi zaton cutarwa, kuma a tsaya iya gwargwadon buƙata. Ki ɗora ƙaninki a kan wannan sikeli. Ciwonsa mai tsanani ne, na yarda. Amma ƙwaya ɗaya ya gwada, sati uku, alhali irin waɗannan magunguna sukan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin aikinsu ya bayyana sosai. Mai ba shi wannan shawara kuwa abokinsa ne, ɗalibi a Ingila. Ma'aunar Ibn Farhun ta juye a kansa, domin a nan cutarwar maganin ce ba a aminta daga gare ta ba. Ga kuma doka: abin haramtacce ne a Najeriya, idan jami'an NDLEA suka tare kunshin, shi da abokin duka sun shiga uku.

Wataƙila abokin zai ce to ya riƙa shan ɗan mitsitsi wanda ba ya sa gane-gane, tunda Ƙarafi bai haramta kaɗan na mufsid ba. Amsa ita ce halaccin kaɗan yana tsayawa ne inda babu cutarwa kuma aka san gwargwado, shi kuwa ba shi da ma'auni. Kuma da aka gwada wannan ɗan mitsitsin a wani bincike na 2021, waɗanda suka sha ƙwayar bogi sun ji sauƙi kusan daidai da waɗanda suka sha ta gaske. Mun ga yadda kodin da tiramol suka shigo gidajenmu da sunan magani, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Da kaɗan aka fara.

Idan wata rana hukuma ta amince da shi, likitocinmu suka ƙware, aka samu majinyacin da komai ya gaza masa, ban ga abin da zai hana a yi fatawar halacci ba. Misalinsa ketamin: likitocinmu sun daɗe suna sa barci da ita a ɗakin tiyata, a 2019 Amurka ta amince da wani nau'inta na shaƙawa don damuwar da ta ƙi magani, da sharaɗin a sha a asibiti a zauna awa biyu ana lura. A hannun likita halal ce, a hannun ɗan ƙwaya haram.

Saura wani abu da nake so ki isar wa 'yan gidanku. Kada kowa ya ce wa yaron nan raunin imani ne. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma Annabin Allah ne. Nana A'isha takan sa a dafa talbina, wani kunun sha'ir, ga waɗanda aka yi wa rasuwa, tana cewa ta ji Annabi ya ce tana hutar da zuciyar marar lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ashe baƙin ciki yana da rabo a jiki, ana taɓa shi ta hanyar abin da aka ci. Ƙwayar da likita ya rubuta masa halal ce, ba ta sa maye. Ruƙiyya da addu'ar Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan su ci gaba, tare da magani, ba a madadinsa ba.

Maganar da kika ji ya yi ta gara mutuwa, kada ki bar ta ta kwana. Ki zauna da shi ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ki kwashe maganin ƙwari, fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a daina barin sa ya kwana shi kaɗai. Gobe da safe ki samu wanda yake jin nauyinsa a cikin manyanku, ku kai shi sashen likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Ki tafi da kwalin ƙwayar da ya watsar, ki gaya wa likita kwana nawa ya sha, ki gaya masa maganar kawunku, ki kuma nuna masa bidiyon.

Wallahu a'alam.