Me ya sa ba a dasa fata kai tsaye a kan jijiyar yatsa?

Ka tambaya: idan inji ya kwashe naman cikin yatsa, jijiyar lanƙwasawa ta fito fili, ga kuma karaya a gaɓar tsakiya, me zai hana a yanko siririyar fata daga cinya a shimfiɗa a huta?

Abin da zai hana shi ne fatar dashe ba ta zuwa da jininta. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko tsotson ruwan jikin wurin take yi, daga nan ƙananan hanyoyin jini su fara haɗuwa da nata, sai wajen kwana biyar take kamawa sosai. Jijiyar da tantaninta ya tafi, da ƙashin da aka sale, ba su da abin da za su ba ta. Za ka buɗe ciwon ka tarar fatar ta yi baƙi, jijiyar ta bushe a ƙarƙashi. Ko da ma ta kama, mannewa za ta yi da jijiyar, yatsa ya ƙi lanƙwasuwa.

Kafin zancen rufewa, fara da wanki. Ɗaura abin tsayar da jini a dantse, kada ya wuce awa biyu. Yanke duk naman da ya mutu, ka sassauta ɗaurin ka duba: gefen da bai yi jini ba, ƙara yanke shi. Sannan ƙashi. Wayar Kirschner, wato siririyar wayar ƙarfe mai riƙe karaya, mai kaurin milimita 1 guda biyu a gicciye sun isa. Kada hoto kaɗai ya ruɗe ka, karaya kan miƙe a hoto alhali ta murɗe. Lanƙwasa yatsun duka ka duba farata. In wannan ya hau kan maƙwabcinsa, zare wayar ka sake.

Rufin da ya dace marfin fata ne mai jininsa, daga bayan gaɓar tsakiya ta yatsan da ke kusa. Auna ramin da guntun takardar safar hannu, ka zana marfin ya ɗan fi ramin girma, domin fata na tsukewa da zarar an ɗaga ta. Yanka gefe uku, ka bar gefen da ke jingine da yatsan mai ciwo, ka buɗe shi kamar shafin littafi, ka ɗinka shi a kan ramin, yatsun biyu su zauna a haɗe. Nan ne sababbin hannu ke ɓata aiki: wuƙa ta bi ta saman tantanin jijiyar miƙewa, ka bar shi yana sheƙi. In ka kwashe shi, ka ƙirƙiri irin matsalar da kake gyarawa a lafiyayyen yatsa, don a kansa ne za ka dasa fata mai cikakken kauri daga cikin dantse. In marfin bai kai ba, saki zaren Cleland da ke gindinsa, wato zaren da ke ɗaure fatar gefen yatsa da ƙashi. Kada ka ja da ƙarfi. Marfin da ya yi fari an matse shi ne, wanda ya yi shuɗi ya kumbura kuwa jini ne ya kasa fita. Warware ɗinki ɗaya ko biyu nan take.

Ana raba yatsun bayan mako biyu zuwa uku, waya kuma ta fita a mako na uku ko na huɗu, a fara motsa gaɓoɓi ba jinkiri. Dattijo mai ciwon gaɓoɓi kam, nema masa wata hanya, domin wannan haɗa yatsun kaɗai na iya sandarar masa da yatsu biyu. Mai shan taba kuma ka gaya masa ya ajiye ta, tana tsuke hanyoyin jinin da marfin ya dogara da su.