Maɗaci da madobiya ba ɗaya ba ne, yaro

Jiya ka tambaye ni a shago wai katakon maɗaci da na madobiya ai duk abu ɗaya ne tunda duka ja ne, kwastoma na tsaye shi ya sa ban amsa ka ba, toh saurara.

Ko danginsu daban. Maɗaci ɗan uwan dogon yaro ne, tauna ɓawonsa ka ji ɗacin da ya sa aka ba shi sunan, shi tsofaffi ke jiƙawa don ciwon ciki. Madobiya kuwa dangin wake ce da ɗorawa, in ka sare ta jan ruwa take zubarwa kamar jini, da rani ta kaɗe ganye ta yi fure rawaya. Shi maɗaci bakin rafi yake so inda akwai laima, kuma ana shuka shi a gari, manyan itatuwan nan na gefen titi a tsofaffin unguwannin Turawa da yawansu shi ne. Ita madobiya 'yar daji ce, tana jure gobarar daji da ƙasa mai duwatsu, Fulani ma na sassabe ganyenta wa shanu in ciyawa ta ƙare.

A hannu ma za ka gane, ta fi nauyi, ta fi tauri, tana da ƙanshi in zarto ya shige ta, kuma in baka fara huda ta ba ƙusa lanƙwashewa take yi.

Abin da ke ci min rai shine yadda aka yi mata. Wajen Taraba Madrid suke ce mata, 'yan kasuwa suka dinga loda ta a kwantena zuwa China ana kujerun masu kuɗi da ita, wallahi motoci dare da rana, itacen da sai ya shekara da yawa kafin ya kai yanka. A 2017 aka saka ta a jerin yarjejeniyar ƙasashen duniya da ake kira CITES, na itatuwan da ba a fitarwa ƙasar waje sai da takarda, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya, masana kuma sun sa ta cikin waɗanda ke fuskantar ɓacewa. Maɗaci shi ma yana raguwa, ya shiga jerin a 2023, amma bai kai ta shiga uku ba tunda mutane na shuka shi.

Guntayen madobiyar nan na bayan shago kar ka ƙara ba mai shayi ya hura wuta, tara min su, ƙafar kujera da mariƙin durowa za mu fitar.